TARIHIN MASU GYARAN GARI BAYAN ƁARNAR RUWA DA ISKA

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri ga iyayenmu da dattawanmu na gida, da ƴan'uwa mazauna Maraɗi, Yamai, Arlit, Kano, Ikko, Kwatano da Abijan, da duk inda wannan takarda ta iske ɗan garinmu. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa wanda bai iya ba.

Bayan haka, waɗanda suka halarci taronmu da ya wuce sun san gardamar da aka yi a kan gudummawar da muke aikawa gida in ruwa ya yi ɓarna. Waɗansu suka ce a raba kuɗin duka ga waɗanda gidajensu suka faɗi, yadda muka saba. Waɗansu kuwa suka ce a ware wani kaso a sayi kayan aiki don ma'aikatan tsabta na magajin gari, tun da su ne ke fita da felu su buɗe wa ruwa hanya. Sai wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce, "Yanzu guminmu za mu kwashe mu ba masu shara? Ai wannan aikin gwamnati ne." Wani dattijo kuma ya amsa masa ya ce, "Yaro, sa'ad da muke kamarku babu mai shara ko ɗaya a garin nan, amma ruwa bai taɓa kwana biyu a gindin bangon kowa ba." Aka tashi ba a daidaita ba. Shi ya sa shugabanni suka ɗora mana nauyin mu bi tarihin wannan al'amari, mu ga su wane ne ke gyara gari bayan hadari tun daga kakanni har zuwa yau, domin in an koma zama a yi magana da sani.

ƘASARMU DA GULABENTA

Gulabe biyu ne suka ratsa wannan yanki namu na Agiye, Gazawa da Gidan Rumji. Gulbin Maraɗi ya taso daga ƙasar Katsina, ya shigo ta wajen Jibiya, ya bi ta Madarunfa, Maraɗi, Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya sake komawa Nijeriya ya faɗa gulbin Rima. Gulbin Kaba shi ma daga kudu ya fito, ya bi ta wajen Gazawa ya yi arewa zuwa Mayahi, kana ya karkato yamma. Kabar goribar da ta cika shi ita ta ba shi suna. Yawancin shekara busassu ne, ana noma ana kiwo a cikinsu, har mutum ya manta hanyar ruwa ce. Tsakaninsu kuwa jigawa ce, inda ruwan sama ke gangarawa ya taru a kwari da tabkuna.

Kakanninmu da saninsu suka zauna bakin gulbi. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar Korau suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 kuma Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri. Kurmin gulbi yana tare dawakin abokan gaba, fadama kuma tana ciyarwa. Watau sun gwammace su zauna kusa da ruwa da su zauna a fili mahara su same su. Da yaƙe-yaƙe suka kwanta a farkon ƙarni na 20 ne jama'a suka bazu cikin daji suka yi sassabe, ƙauyuka da yawa na jigawa suka kafu, noman gyaɗa kuma ya ƙara musu yawa.

ZAMANIN GAYYA

A wancan zamani gyaran gari tun kafin ruwa ake fara shi. Da bazara ta kama, kowane maigida zai duba soronsa, ya yi yaɓe, ya gyara indararo, ya sake baibayar ɗakunan jinka, ya ɗaure danni, ya duba duwatsun da rumbu ke zaune a kansu. Kowane gida yana da rariya, rariyoyi kuma suna zuba a hanya, hanya ta kai ruwa kududdufi. Kududdufin nan ramin da aka haƙi ƙasar gini ne, saboda haka yadda gari ke girma haka ramin ke girma, kullum yana iya ɗaukar ruwan garin. Ba wanda ke yin gini a kan hanyar ruwa, in kuwa wani ya gwada, mai gari da dattawa za su tsai da shi tun bango bai kai gwiwa ba.

In duk da haka hadari ya taso daga gabas da iska, ya yaye jinka, ya kayar da bango ko rumbu, to sai gayya. Mai hasara ya kai kuka wurin mai gari, a sa rana, makaɗi ya zaga. Samari su zo da gatari da kwando da fartanya, magina su zo, mata da ƴanmata su jawo ruwan kwaɓa ƙasa, a dama fura, a raba goro. Kafin la'asar an ɗora jinka. Ba a biyan kowa, amma fa bashi ne, domin wanda ya ƙi fita gayyar wani, ranar tasa sai ya ga babu kowa a ƙofarsa. Tsohuwa marar ɗa da makaho da maraya kuwa, su ake fara yi wa. Wannan shi ne abin da dattijonmu yake nufi, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai mu tuna gari a lokacin ƙarami ne, kowa ya san kowa, kuma samari suna gida, ba su watsu cikin duniya kamar mu ba.

RUWAN 1945 DA AIKIN DOLE

Wata babbar ɓarnar ruwa da aka rubuta tarihinta sosai a wannan jiha ita ce ta 1945. A daminar wannan shekara Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya shiga tsohon birnin Maraɗi da ke cikin kwari, ya narkar da gidaje masu yawa. Abin ya fi ƙarfin gayya, domin mai taimako da wanda za a taimaka duk cikin ruwa suke. Turawan Faransa, waɗanda ke mulki a lokacin, suka yanka filaye bisa tudu da tituna masu faɗi a miƙe, aka tashi gari aka mai da shi can. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Ƴandaka, Maraɗawa, Ɗan Gulbi da Limanci suka hau tudu da sunayensu. Gulbin da ya ci Maraɗi kuwa shi ne dai ke wucewa ta Tsibiri da Gidan Rumji, don haka labarin namu ne.

Amma a lura da irin zamanin. A lokacin akwai aikin dole. Kowane baligi yana da kwanakin da zai yi wa hukuma aiki a shekara ba lada: share hanyar mota bayan damina, cike ramukan da ruwa ya haƙa, ginin bariki, ɗaukar kaya. Gardawa da dogarai ke tattara mutane, kumandan kuma yana da ikon jefa mutum kaso ba tare da shari'a ba. A manyan garuruwa akwai masu duba gari da ke shiga gidaje suna leƙa randuna, in sun ga ƴaƴan sauro a ci maigida tara. Sharar bariki da kwasar ƙazanta kuwa sau da yawa ƴan kaso ake sa wa. Sai a watan Afrilu 1946 majalisar Faransa ta soke aikin dole, bisa dokar da Hufuwet Bwanyi na ƙasar Kodebuwa ya gabatar.

An soke dokar, amma tabonta ya zauna. A ganinmu daga nan ne mutanenmu suka raba aiki gida biyu. Gyaran gidanka da na maƙwabcinka aikin mutunci ne. Gyaran titi da magudana da kasuwa kuwa ya zama aikin Nasara, aikin wanda aka kamo, wanda mai wayo ke zille masa. Raina mai shara da muke ji a bakin ƴaƴanmu yau, tushensa ke nan, ko da su ba su sani ba.

DAGA MUDA ZUWA EL-BUHARI

Shekarun 1950 shekarun ruwa ne. Dattawa suna tuna yunwar Muda ta 1953 zuwa 1954, wadda yawan ruwa ne ya kawo ta: gonaki suka jiƙe, gero ya lalace a tsaye, aka shiga wahala. Mutanen da suka ga 1945 da Muda ba sa wasa da hanyar ruwa.

Daga wajen 1968 kuma sai sama ta ɗauke. Aka yi farin 1973 da 1974, aka yi na 1984 wanda muka sa wa suna El-Buhari, saboda ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Cikin waɗannan shekaru tabkuna suka ƙafe, kududdufai suka zama juji, aka cike su aka yanka filaye, aka yi gini cikin kwarin da kakanni suka bar wa ruwa. Itatuwa suka ƙare, ƙasa ta zama fako, ruwa in ya sauka ba ya nutsewa sai gudu. Yaran da aka haifa a lokacin sun tashi suna roƙon ruwa, ba su san ana tsoronsa ba. A lokacin ne kuma da yawa cikinmu muka fara barin gida, da farko cin rani, daga baya zama.

SAMARIYA

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Jori Hamani, Seyni Kunce ya hau. Shi ne ya ɗauki tsohuwar al'adar samari da sarkinsu ya mai da ita ƙungiyar ƙasa baki ɗaya. Kowane gari da kowace unguwa aka yi Samariya. Waɗanda suka yi ta cikinmu sun san aikin: buga tubali don ɗakunan lakwal, share kasuwa da maƙabarta, yashe rijiya, cike zaizayar hanya, da dashen itatuwa ranar 3 ga Agusta, wadda a 1975 ta zama ranar dashe tare da bikin ƴancin kai. Dogon yaro da yawa da muke shan inuwarsa a bakin hanya da harabar lakwal, hannun Samariya ne. In hadari ya yi ɓarna, sarkin samari ya sa a buga ganga, kafin hantsi an fito. Agiye da Gidan Rumji ba su daɗe da samun nasu bariki ba a lokacin, domin a 1972 ne aka cire Agiye daga Tasawa, aka kuma raba ƙasar Maraɗi aka fitar da Gidan Rumji da Madarunfa. Ma'aikatan barikin ƙalilan ne, don haka ƙarfin aikin gari duk a wuyan Samariya yake.

Kada mu yi wa tarihi kwaskwarima. Samariya tana da kiɗa da wasa da gasa tsakanin unguwanni, amma akwai tsoro a cikinta, domin bayan sarkin samari akwai mai gari, bayan mai gari akwai hukuma da gardawanta. Ƴan'uwanmu da ke Kano sun ga irin wannan a 1985, sa'ad da gwamnatin Janar Buhari ta shigar da tsabtar gari cikin yaƙi da rashin ɗa'a, aka riƙa tsare mutane a gida safiyar Asabar ta ƙarshen wata don yashe kwalbati. Gari ya yi fes, amma da bulala. Da Kunce ya rasu a Nuwamba 1987, aka kuma yi babban taron ƙasa a 1991 aka shiga siyasar jam'iyyu, sai Samariya ta watse. Samarin unguwa ɗaya suka rabu bisa jam'iyya, in wannan ya kira aiki wancan ya ce ba nasu ba ne.

Wani abu kuma ya shigo. Lokacin yunwa, musamman 1984 da 2005, ƙungiyoyin agaji sun riƙa ba da abinci ko kuɗi ga wanda ya fito aikin jama'a. Wannan ya ceci rayuka, ba mu musu. Amma ya bar mana wata tambaya da kakanni ba su san ta ba: in an kira aikin gari, sai a ce, "Nawa za a ba mu?"

Duk da haka, ƙasarmu ta nuna aikin yarda yana daɗewa. Sassaben zamani, watau barin tohon itatuwa a gona ana gyara shi, ya fara yaɗuwa a jihar Maraɗi tun shekarun 1980, ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agiye kuma ya yi suna a kansa har ƙasashen waje, saboda kwamitin da mutanen gari suka kafa da kansu don tsaron itatuwa. Ba bulala, ba ganga, amma ga gawo da kalgo da sabara sun dawo gonaki suna karya ƙarfin iska.

ZUWAN MAGAJIN GARI

Kafin 2004 garuruwa ƙalilan ne a Nijar ke da magajin gari. Dokar 2002 ta raba ƙasa da'ira 265, aka yi zaɓen kansiloli na farko ranar 24 ga Yuli 2004, zamanin Tanja Mamadu. A yankinmu da'ira 9 ne: Agiye da Cadawa, Gazawa da Gangara, waɗanda aka cire daga Agiye aka yi musu gunduma tasu a 2011, sai Gidan Rumji, Tsibiri, Shadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Doka ta ɗora wa da'ira tsabtar gari, kwasar shara, magudanun ruwa da kula da kasuwa. Daga nan ne yawancin garuruwanmu suka fara ganin mutumin da sana'arsa ita ce gyaran gari, ana biyansa daga asusun jama'a. An sake zaɓe a 2011 da 2020. A watan Afrilu 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun da'ira ta naɗa kantomomi, amma aikin tsabta yana nan a wuyan ma'aikatar, mu kuma bakinmu ya saba da cewa magajin gari.

To, mu duba nauyin da aka aza musu. Ƙidayar 2012 ta sami mutum kimanin 246,000 a gundumar Agiye, 160,000 a Gazawa, 524,000 a Gidan Rumji. Watau fiye da mutum 900,000 ga da'ira 9, kuma tun daga lokacin an ƙaru ƙwarai. Abin da ke shiga asusun da'ira kuwa shi ne kuɗin kasuwa da tasha da lanho, wanda a shekarun 2000 sefa 700 ne, dala 140, ga kowane mai biya a shekara. Ko shi ɗin ba kowa ke biya ba, mu mazauna waje kuma mun fi kowa zillewa. Wanda ya san farashin buhun siminti ya san iyakar kanibon da wannan kuɗi zai gina.

Ga kuma sabon abokin gaba, leda. An yi dokar hana ta a 2014, amma kowa ya ga kasuwanninmu. Leda da yashi da kara su ne ke toshe ƙananan gadojin da ke ƙarƙashin babbar hanyar kwalta, wadda ta bi ta Gidan Rumji, Tsibiri, Cadawa, Agiye da Gazawa. Hanyar ta fi gari tudu a wurare da yawa, don haka in bakin gada ya toshe sai ta zama madatsa, ruwa ya koma cikin gidaje.

Ruwan kansa ma ya sake hali. Masana yanayi sun buga bincike a 2017 da ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. Ruwan wata guda sai ya sauka a dare ɗaya. A Yuli 2018 ruwa ya ci fiye da mutum 40 a Jibiya, a kan wannan gulbi namu, a wannan wata kuma cutar amai da gudawa ta ɓulla a Madarunfa ta kama dubban mutane. Ta sake dawowa jihar Maraɗi a daminar 2021.

DAMINAR 2024

Wannan kowa ya gan ta ko ya ji ta a waya. Ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024 ruwa milimita 150 ya sauka a Maraɗi cikin minti 90, mutum 15 suka rasu. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe. Aka ɗage komawa lakwal daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, domin ɗakunan karatu cike suke da waɗanda suka rasa matsuguni. A ƙarshe hukuma ta ƙidaya kusan mutum 400 da suka rasu a ƙasa baki ɗaya, da fiye da miliyan 1 da rabi da ɓarnar ta shafa, jihar Maraɗi kuma tana kan gaba wajen rashin rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama.

Akwai lissafi ɗaya da muke roƙon kowa ya riƙe. A ƙidayar farkon Satumba, cikin mutum 273 da suka rasu, 121 ruwa ya ci su, 152 kuwa gini ne ya faɗa musu. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san dalili. Bango yakan jure ruwan da ke dukansa daga sama, amma in ruwa ya kwanta a gindinsa sai ya sha, ya yi laushi daga ƙasa, ga rufi ya jiƙe ya yi nauyi, sai ya zauna a kan mutane, sau da yawa cikin dare, bayan an ɗauke ruwa har an yi hamdala. Saboda haka mutumin da ya buɗe wa ruwa hanya da asuba ya janye shi daga gindin bango, rai ya ceta, ko da bai san na wa ba.

Ga abin da ƴan gida suka shaida mana game da garinmu. Ruwa bai gama ɗaukewa ba ma'aikatan tsabta suka fito, ba su kai yawan yatsun hannu biyu ba, da felu, wanda mutanen Kano ke ce wa shebur, da diga da manjagara da amalanke. Bakin gada suka fara nufa, suka shiga ruwa har ƙugu suna jawo leda da kara da hannu. Da ruwa ya samu hanya suka koma datse itatuwan da iska ta kayar a kan titi don mota ta iya kai marasa lafiya asibiti. Sa'an nan suka shiga unguwanni, suna haƙa ƴan magudanai daga gidajen da ruwa ya kwanta, suna taya mutane tono tukwane da buhunan hatsi daga ƙarƙashin ƙasa, suna kwashe kayan tsofaffi zuwa lakwal. Kashegari suka bi mushen awaki da kaji suka binne bayan gari, suka rufe shaddodin da suka burma, suka raka ma'aikatan lafiya suna zuba magani a rijiyoyi. Su ne kuma suka zaga da masu rubuta sunayen waɗanda suka yi hasara, domin sun san kowane lungu. Ɗaya daga cikinsu kwanon rufi ya yanke shi a ƙafa, saboda da silifa ya shiga ruwa, shi kuma nasa ɗakin yana cikin waɗanda suka faɗi.

Samarin gari fa? Waɗansu sun fito, Allah ya saka musu, kuma unguwar da suka fito ruwa bai kai azahar ba. Waɗansu kuwa suna tsaye bisa tudu suna ɗaukar hoto da waya suna aiko mana, suna cewa magajin gari bai yi kome ba. Mu kuma muka karɓa muka yaɗa.

ABIN DA TARIHI YA NUNA MANA

Aikin bai sake ba tun zamanin Mayaƙi: a buɗe wa ruwa hanya, a ɗauke abin da ya faɗi, a binne abin da ya mutu, a tayar da bango. Mai kiran aikin ne ke sakewa, daga mai gari zuwa kumandan, zuwa sarkin samari, zuwa magajin gari. Na kumandan ya mutu ranar da aka soke doka. Na Samariya ya bi mai shi. Gayya ita ta fi daɗewa, amma ta yi rauni da muka watse. Ɗan'uwan da ya ce aikin gwamnati ne yana da gaskiyarsa, domin doka ta ɗora wa da'ira, kuma haƙƙinmu ne mu tambayi inda kuɗin kasuwa ke tafiya. Dattijonmu ma yana da tasa. Amma ma'aikata ƴan ƙalilan ba za su maye gurbin samarin gari guda ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gayyar da muka ci bashinta muna yara, sa'ad da aka rufa wa iyayenmu ɗaki, har yanzu tana kanmu, ko muna Ikko ko muna Abijan.

Saboda haka ga shawararmu ga taro mai zuwa. Na farko, kaso mafi yawa na gudummawa ya ci gaba da zuwa ga masu hasara, a fara da tsofaffi da marayu yadda aka gada. Na biyu, a ware wani kaso a sayi felu, diga, baro, takalman ruwa da safar hannu, a rubuta su a littafi, a ajiye a hannun mai gari da wakilin ƙungiya, ma'aikata da samari su ɗauka su mayar. Na uku, a sa ranar gayya a watan Mayu kowace shekara, kafin ruwan shuka, a yashe magudanai da bakin gada tare da ma'aikatan, wanda ba ya gida ya aiko da kuɗin fura da goro. Na huɗu, kowannenmu ya biya lanhonsa ya karɓi takarda, domin ya sami bakin tambaya. Na biyar, muna roƙon iyayenmu dattawa, tun suna raye, su zaga da matasa su nuna musu tsofaffin hanyoyin ruwa da wuraren kududdufai, a rubuta, kuma kada ɗayanmu ya aika kuɗi a saya masa fili a cikinsu kome arharsa. Mu mazauna waje mu ne masu kuɗin gini, don haka wannan gargaɗi namu ne kafin na kowa.

Na ƙarshe, in mun je gida da salla, mu nemi mutanen nan mu gaishe su da hannu biyu, mu kuma hana ƴaƴanmu kiransu da sunan raini.

Dattijon da ya ga mun yi kuskure ko mun tsallake wani abu, ya aiko a gyara a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu sharrin ruwa da iska, ya jiƙan magabatanmu. Amin. Haza wassalam.